Muryar Yaya kan bidiyon takardar ruwa ta Japan

Ga muryoyin da Yaya ya turo jiya da daddare, na mai da su rubutu saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba. Yadda ya faɗa haka na rubuta.

Murya ta 1

Assalamu alaikum 'yan gida. Kawu barka da dare, Hajiya barka da hutawa, a yi haƙuri, maganar za ta ɗan yi tsawo. Auta, na ga tambayarka tun la'asar, ina tuƙi ne shi ya sa ban amsa ba. Bidiyon nan da ka turo, na matar da ta ɗora farar takarda a kan ruwa sai rubutu ya fito, kana tambaya wai aljanun ruwa ne suke rubutun, kuma wai da gaske ne mutanen Japan ruwa suke bauta wa. To wurin nan na san shi. Ba labari aka ba ni ba, ƙafata ta taka shi a 2019, lokacin ina karatu a Kiyoto, kuma wasu a guruf ɗin nan sun fi kowa sanin na je, amma za mu zo nan.

Takardar tukunna, mu sallame ta, don ita ce mafi ƙanƙanta a maganar. Babu aljani ko ɗaya. A injin buga takardu ake buga ta, da tawadar da ba ta nunawa sai ta jiƙe. Ka ba da 'yan canjinka, ka zari guda daga cikin tari, ka ɗora a kan wani ɗan kwarmin dutse da ruwan tsauni ke gangarowa ciki, kafin minti ɗaya baƙi ya bayyana: sa'a babba, sa'a ƙarama, ko rashin sa'a, sai bayanin tafiya, ciwo, ciniki, aure. Kai, har da ɗan tambarin nan na QR mai kusurwa huɗu a jiki, wanda za ka haska da waya ya fassara maka da Turanci. Wane aljani ne yake buga wannan? Duba ne dai irin nasu, mu kuma mun san hukuncin duba, ba sai na ja aya a gaban Kawu ba. Ni ban saya ba, abokan tafiyata ne suka saya na tsaya ina kallo.

Amma na san ba takardar ce ke damunka ba, Auta. Abin da kake son ka ce shi ne, ta yaya mutanen da suka ƙera Toyota, suka yi jirgin ƙasa mai gudu kamar harsashi, za su hau tsauni su rusuna wa ruwa. Wannan ita ce tambayar, kuma ita zan amsa.

Murya ta 2

Sunan wurin Kifune. Yana arewacin birnin Kiyoto, cikin tsaunuka. Ƙauyen da yake ciki Kibune ake ce masa, da "bu", kogin ma Kibune, tashar jirgin ma haka, amma wurin bautar shi kaɗai Kifune, da "fu". Ka san me ya sa? A harshensu, idan sauti ya yi nauyi, kamar fu ya koma bu, kalmar da suke amfani da ita ita ce ta gurɓacewar ruwa, wato sautin ya yi laka. To sai suka ce wurin ruwa ne, ko sunansa ba za a gurɓata ba. Ka ga irin mutanen da muke magana a kansu ke nan.

Daga cikin gari ƙaramin jirgin ƙasa ake hawa a tashar Demaciyanagi, kamar rabin awa, ka sauka a Kibuneguci, sannan ko ka shiga bas ko ka taka kusan kilomita 2 a gefen kogi. Mu takawa muka yi, don ɗalibi da ƙafa aka san shi. Watan Yuli ne. Wanda bai zauna a Kiyoto ba ba zai gane zafinta ba, gari ne a cikin kwari, tsaunuka sun kewaye shi ta gefe uku, ba rana ce ke dukanka irin ta Kano ba, gumi ne, kamar an kifa maka tukunyar dambu. Amma kana shiga hanyar nan sai iska ta sauya. Ƙarar ruwa ta ko'ina. Kuma abin da ya fara ɗaukar idona ba kyau ba ne, ɓarna ce: dogayen itatuwa ne kwance a jikin tsauni, an tumɓuke su da saiwarsu, wasu sun karye a tsakiya kamar karan dawa. Guguwar da ta yi a watan Satumba na 2018 ce, wadda ta cika filin jirgin saman Kansai da ruwa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Abin bautarsu a nan sunansa Takaokami. Kuma Auta, ba ruwan kansa ba ne, a wurinsu shi ne mai riƙe da ruwan, mai sako shi, mai tsai da shi. A rubutunsu, harafin "okami" ɗin nan abin kallo ne: a sama harafin ruwan sama, a tsakiya bakuna uku a jere, a ƙasa harafin dodon nan nasu mai siffar maciji. Zane 33 kafin ka gama harafi ɗaya. Ni da na sha wuya da haruffansu na jarrabawa, da na gan shi dariya kawai na yi. Taka ɗin kuma na nufin sama, na kan tsauni, akwai takwaransa Kuraokami na cikin kwazazzabo. Labarin asalinsu yana cikin tsofaffin littattafansu guda biyu, Kojiki na shekarar 712 da Nihon Shoki na 720. Wai abin bautarsu na wuta ne ya ƙone uwarsa wajen haihuwa ta mutu, uban ya fusata ya sare shi da takobi, to daga wannan saran ne na ruwa suka fito. Ruwa daga wuta. Tatsuniyarsu ce, haka take, ni ba ni na tsara ba.

Kuma kada ka ɗauka gunki za ka tarar an girke, da ido da baki, irin wanda muke gani a fim ɗin Indiya. A addininsu na gargajiya, Shinto, yawanci ba ka ganin komai. Ɗaki ne na katako a rufe, da igiyar ciyawa, da fararen takardu a rataye, da akwatin jefa kuɗi. Mutum ya zo ya wanke hannu ya kuskure baki a bakin shiga, ya jefa kwabo, ya rusuna sau biyu, ya tafa sau biyu, ya sake rusunawa sau ɗaya, ya wuce. Ba ya kai minti biyu.

Murya ta 3

Yauwa. Yanzu ga inda nake son ku nutsu, maganar doki. Ni duk abin da ke wurin nan, dokin ne ya tsaya min a rai.

A shekarar 794 aka mai da fadar sarkin Japan Kiyoto. Kogin Kibune yana gangarowa ya haɗu da wasu ya faɗa kogin Kamo, wanda ya ratsa birnin. Wato wurin nan yana can saman ruwan da fada take sha, gonaki suke sha. Mutanen nan kuwa shinkafa ce rayuwarsu. Ba abinci kaɗai ba, da shinkafa ake biyan haraji, daga baya ma da buhun shinkafa, to ba buhu ba, wani ma'auni ne nasu da ake kira koku, da shi ake auna girman hakimi da albashin mayaƙa. Kuma shinkafarsu ta fadama ce, sai an tare ruwa a gona an dasa ta a ciki. Ruwa ya makara, yunwa. Ruwa ya yi yawa, ambaliya, yunwa, ga annoba a baya. Duk wanda ya taɓa noman shinkafa a Kura ko Hadeja ya san wannan ba sai an fassara masa ba.

To idan fari ya kama, sarki da kansa yake tura manzo zuwa Kifune da baƙin doki. Baƙi, launin hadari. Idan kuma ruwa ya ƙi ɗaukewa, sai a tura farin doki, wani lokacin ja. Doki na gaske, mai rai, daga bargar sarki. Tura manzo roƙon ruwa a wurin yana rubuce tun zamanin Sarki Saga, shekarar 818. Ka lissafa, sama da shekara 1200. Kuma a kundin dokokin fada da aka kammala a 927, sunan wurin yana cikin manya. Daga baya ya shiga cikin wurare 22 da fada ke aika wa da kyauta kai tsaye idan ƙasa ta shiga wani hali. Wato, Auta, a zamanin nan wurin ba na yawon buɗe ido ba ne. Ma'aikatar ruwa ce ta gwamnati, iyakar abin da saninsu ya kai ke nan a lokacin.

Amma doki ai tsada. Kawu ya fi ni sani, shi da ya riƙe doki shekara da shekaru, ga harawa, ga dusa, ga kanwa, ga mai kula. Yau fari, a kai doki, gobe ambaliya, a kai doki. Su masu wurin ma ina za su kai dawakan? Kwazazzabo ne matsattse, ko filin sukuwa babu. Talaka kuma da yake da tasa buƙatar, ina ya ga doki? Sai aka koma sassaƙa doki na itace ko na yumɓu, daga nan aka koma zana doki a jikin ɗan allo. Wannan allon shi ne ema. E zane, ma doki. Yau duk wurin bautar Shinto da ka shiga a Japan za ka ga allunan nan ɗaruruwa a rataye, kamar ƙaramin allon makarantar allo amma bai kai tafin hannu biyu ba. Dokin ma ya ɓace daga yawancinsu, sai zanen wani abu daban, a baya kuma mutum ya rubuta buƙatarsa. Na tsaya na karanta waɗanda zan iya: a ci jarrabawar shiga jami'a, a sami miji, mama ta warke. Wani da Turanci, wani da rubutun Koriya. Daga dokin sarki an dawo katako na kuɗin kwanon abinci.

Su mutanen Kifune suna cewa a wurinsu aka fara ema, har sun kafa dawakai biyu na ƙarfe a farfajiya, baƙi da fari. Bari in gyara, kada wani ya je ya ce ni na ce. Su ne suke faɗa. Masu haƙa ƙasa sun tono alluna masu zanen doki a tsohon birnin Nara na ƙarni na 8, tun kafin a mai da fada Kiyoto. Kuma can cikin tsaunukan Yoshino akwai wani wurin, Niukawakami, shi ma na ruwa, shi ma baƙin doki da fari ake kai masa. Kowa dai gwaninsa yake yabo. Amma ni abin da ya burge ni, yadda aka yi ta rage farashi. Doki, gunkin doki, zanen doki, yanzu ko dokin babu sai sunansa. Ɗan Adam ke nan, ko a ina yake sai ya nemi ragi.

Murya ta 4

Na ce zan dawo kan ɓarna. Ginin da kuka gani a bidiyon, mai matakala da jajayen fitilu dama da hagu, ba shi ne na asali ba. Na asalin yana can sama, kamar tafiyar minti goma sha, Okumiya ake ce masa. A shekarar 1046 ambaliya ta tafi da ginin. Eh, abin da kuka ji. Gidan mai riƙe da ruwa, ruwa ya cinye shi. Sai a 1055 aka sake ginawa a inda yake yanzu, a wuri mai ɗan tudu. Da na ji wannan na kasa haƙuri, na ce wa abokin karatuna, ɗan Osaka ne, to kai ba ka ga abin dariya a nan ba? Bai ji haushi ba ko kaɗan. Ya ce ai shi ya sa ake girmama shi, abin da ba ya iya cinye ka me za ka ji tsoronsa. Kuma yaron nan injiniya ne, aikinsa ma a kan madatsun ruwa yake. Na tambaye shi ya yarda akwai wani a cikin ɗakin nan? Ya ɗaga kafaɗa. Shi dai kakarsa tana zuwa, shi ma ya zo ya tafa.

To wannan ce amsarka, Auta. Yawancinsu idan ka ce musu mene ne addininka, za su ce ba su da shi. Amma ranar sabuwar shekara suna wurin Shinto, jana'iza kuma wurin 'yan Buda. Ba aƙida ba ce irin yadda muka san aƙida, da rukunai da hisabi. Gado ne da tsoro da ladabi. Ƙasa ce da ruwa yake ci da su kuma yake cin su, damina a Yuni da Yuli, guguwa a ƙarshen bazara, tsauni ya zabtaro, teku ya taso. Jirgin nan da na ce mun hau, a Yulin 2020 ƙasa ta zabtaro ta rufe layin, sama da shekara guda bai kai Kibune ba. Mutumin da ya gina madatsar ruwa da kwamfuta, shi ne dai zai zo ranar 7 ga Yuli bikin ruwa. Har masu sana'ar da ta dogara da ruwa, masu abinci, masu shayi, suna zuwa godiya. Mu mun san wa ake gode wa, alhamdulillahi, idan fari ya yi mu fita sallar roƙon ruwa mu juya riguna, ba mu kai wa kowa doki. Amma tsoron farin, wannan iri ɗaya ne.

A can saman kuma akwai tarin duwatsu mai siffar kwalekwale. Wai wata Tamayori-hime ce ta shigo da jirgin ruwa mai launin rawaya daga bakin tekun Osaka, ta bi kogin Yodo, ta bi Kamo, har ta iso nan, aka rufe jirgin da duwatsu. Ki rawaya, fune jirgi, wai daga nan sunan ya fito. Kuma wai a ƙarƙashin ɗakin akwai ramin dodon, ba a yarda kowa ya leƙa ba. Da aka faɗa min sai rijiyar Kusugu ta faɗo min, maciji ya tare ruwa, amma a bar wannan, kada mutanen Daura na guruf ɗin nan su taso min.

Murya ta 5

Yanzu maganar da na ce za mu zo. Kawu a gafarce ni, amma shekara nawa ina haɗiye ta.

Ranar da na je, na tsaya a ƙasan matakalar nan aka ɗauke ni hoto. Hoto kawai. Hannuna a aljihu, jakata a baya, a cikin jakar ma akwai dardumata, don a gefen kogi na yi azahar da la'asar. Na sa a status. Wani bawan Allah, yana cikin guruf ɗin nan, yanzu haka na san yana saurara, ya ɗauki hoton ya kai wa Baba, ya ce ga yaronku can an tura shi karatu ya shiga gidan tsafi. Har da ƙarin wai na sha ruwan wurin. Baba ya idar da isha'i ya kira ni. Tsakaninmu da Japan awa 8 ne, ku lissafa, ƙarfe huɗu na asuba waya ta tashe ni, gabana ya faɗi na ɗauka rasuwa aka yi. Sallama ma a gajarce, sai "karanto min kalmar shahada". Wallahi. Ni da nake tafiyar kusan awa guda don in sami Juma'a, ni da na shekara ina karanta bayan kowace leda a kanti don gudun naman alade da giyar girkinsu. Wata uku Hajiya tana aiko min da addu'o'in tsari.

Kuma ruwan, tunda an ce na sha, eh na sha. Ruwan tsauni ne yake fitowa daga jikin dutse, mai sanyi har haƙori, Allah ne Ya halicce shi ba Takaokami ba. Na yi bismilla na sha. Wanda ya kai ƙarar, shi da ya je Masar ya yi hoto a gaban dalar Fir'auna ya sa a fuskar WhatsApp ɗinsa wata shida, wa ya ce masa ya koma addinin Fir'auna? Ban kama suna ba. Ban kama ba. Na yafe, amma a daina cewa na manta.

Ina nake ma? Eh. Akwai wuri na uku a tsakiya, wannan su Anti za su so shi. Na wata Iwanaga-hime ne, wadda a labarinsu ubanta ya aurar da ita tare da ƙanwarta ga miji ɗaya, mijin ya riƙe ƙanwar don ta fi kyau, ya mai da yayar gida. To wai ita ce ta ce tunda ita ta rasa, za ta riƙa haɗa wasu. Shi ya sa 'yan mata suka fi yawa a wurin, neman aure suke. Wata shahararriyar mawaƙiyar fada ma, Izumi Shikibu, wajen shekara 1000 da suka wuce, da mijinta ya juya mata baya nan ta zo, ta ga maƙesu suna tashi a kan kogi ta yi waƙa. Kuma wurin ya yi suna da kishiyar wannan, jifa. A tatsuniyoyinsu mace mai kishi takan zo tsakar dare, wajen ƙarfe biyu, da 'yar tsana ta ciyawa, ta kafe ta da ƙusa a jikin bishiya da sunan wanda take nufi. Masu wurin ba sa son wannan maganar ko kaɗan, suna cewa asalin zuwan dare na neman biyan buƙata ne. Ku ga dai, sammu ba a Afirka aka ƙirƙiro shi ba.

Sai abinci, shi ne ma ya fi tara mutane da zafi. Suna shimfiɗa dandamali a kan kogin kansa, tabarma a sama ruwa na gudu a ƙarƙashinka, ka miƙa hannu ka taɓa. Kawadoko sunansa. Akwai inda ake sako taliya siririya a cikin indararo, tana gudu da ruwa kai kuma kana cafkewa da tsinke biyu, idan ka ga mai launin ja ta taho to an gama, tashi. Ni farashin na gani na ce ina azumin nafila, alhali...

Kai, batir ɗina saura uku. Auta, kada ka sake turo bidiyo da rubutun "ku kalli ikon aljanu" ba ka tambaya ba. Hoton dawakan nan biyu yana tsohuwar wayata, idan na samo caja zan turo. Wanda zai kai wa Baba kuma ya haɗa da wannan muryar gaba ɗaya, kada ya yanke. Kawu a huta lafiya, Hajiya sai da safe.